Sukari da kayan zaƙi: nawa ne ya isa?

Gardamar sukari ta shiga kusan kowane gida. Manomi ya ce sukari ƙarfi ne, in bai sha shayi mai zaƙi da safe ba hauya ma nauyi take masa. Uwar gida ta ce guba ce, tun da ciwon sukari ya kama yayanta har aka yanke masa ƙafa, ta hana ƴaƴanta ko lasar alewa. Tsoho ya ce su da suka tashi da zuma da rake ba su san waɗannan cututtuka ba. Saurayi kuwa ya ce kowa da ranarsa, a bar shi ya sha lemunsa. Masu zuwa asibiti suna kawo mana wannan gardama kullum, kowa yana so likita ya goyi bayansa.

Ga inda muka tsaya. Alkakin biki da nakiyar suna, waɗanda ake ci jefi-jefi, ba su ne suke kwantar da mutane ba. Abin da ya fi damunmu shi ne sukarin kowace rana, musamman wanda ake sha: na shayi, na koko, na fura, na zoɓo, na lemun kwalba. Shi ne yake shiga jiki da yawa ba tare da mutum ya lura ba. Akwai kuma lokutan da sukari yake ceton rai, za mu zo kansu.

Me sukari yake yi a jiki?

Jiki yana aiki da wani irin sukari da ke yawo cikin jini, wanda likitoci suke kira gulukos. Shi ne makamashin ƙwaƙwalwa da na tsoka. Wannan bai sa dole sai ka sayi sukari a kanti ba. Tuwon gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, duk in sun shiga ciki sun narke, gulukos suke komawa. Wanda ya ci tuwo da miya ya riga ya ba jikinsa makamashin da yake bukata ko da bai ɗanɗana zaƙi ba duk yini.

Bambancin yana wajen sauri. Gero da dusarsa, ko wake, suna narkewa a hankali, kamar gungumen da aka sa a murhu yana ci har dare. Farin sukari kuwa wutar kara ce. Yana shiga jini nan da nan, mutum ya ji ya wartsake, ba da jimawa ba ya sauka, yunwa da kasala su dawo. Don haka manomin da ya ce shayi yana ba shi ƙarfi bai yi ƙarya ba, sai dai ƙarfin ba ya kai shi azahar. Furar da matarsa ta kai masa gona ita ce take riƙe shi.

Abu na biyu, farin sukari ba ya ɗauke da komai ban da makamashi. Babu abin gina jiki a cikinsa kamar na wake da ƙwai da nama da gyaɗa, babu abin ƙara jini, babu bitamin. In ya cika ciki, ya tare wurin abincin da ke da waɗannan. In kuma ya fi abin da jiki ya ƙona, jiki yakan mai da shi kitse ya ajiye, a tumbi da hanta.

Tsohon da ya ce su ma sun sha zaƙi yana da hujja, amma a duba irin zaƙin. Magarya da kanya da ɗinya da aduwa da goruba kowace da lokacinta, sai an je daji an tsinko. Zuma sai mai amya ya ɗebo. Rake sai ka ɓare, ka tauna, ka zubar da totuwa, kafin ka gama kara guda muƙamuƙinka ya gaji. Yau kuwa sukari yana kan teburin kowane mai kanti daga safe har dare, rani da damina, ƙulli-ƙulli a leda daidai kuɗin da ke hannunka.

A zo a ƙirga

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na makamashin da mutum yake samu a yini, in an iya saukar da shi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga baligi matsakaici, kashi 10 ɗin ya zo kimanin giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12 a shafe, ba da tozo ba. Kashi 5 kuma giram 25 ne, cokali 6. In da sukarin kwali mai ƙwaya-ƙwaya kake aiki, kowace ƙwaya takan kai giram 5 zuwa 6, kenan iyakar yini ƙwaya 8 zuwa 10 ce, mafi kyau 4 ko 5. Yaro ƙarami, da yake abincinsa bai kai na babba ba, rabonsa ya fi haka ƙanƙanta.

Cokali 12 kamar da yawa, sai an fara ƙirga. Ɗauki mutum wanda ba ya ganin kansa mashayin zaƙi. Da safe ya sa cokali 3 a koko. Da rana an dama masa fura da cokali 3. Da la'asar ya zauna a fada, an yi shayi zagaye uku, a ce kowane ɗan kofi cokali 2, ya zama 6. Ya riga ya cika 12 tun rana ba ta faɗi ba. In ranar kasuwa ce ya ƙara da kwalbar lemu guda, ya kai 20, domin yawancin lemun kwalba yana ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Ƙaramar kwalba kenan cokali 8 ne, robar rabin lita kuwa ita kaɗai ta cinye rabon yini duka. Da za a ba mutumin nan cokali 20 na garin sukari a faranti a ce ya cinye, zai ƙi. A cikin ruwa kuwa yana wucewa salin-alin, kuma ba ya hana shi cin abincinsa daidai yadda ya saba, domin abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa.

Kada ka tsaya ga lissafinmu, yi naka. Gobe in mai dafa shayi ya cika ɗan kofi da sukari zai zuba a buta, ka karɓa ka auna da cokali ka ga nawa ne. Ka ninka da yawan zagaye, ka raba da yawan masu sha. Uwar gida ita ma ta lura kwana nawa kilo guda yake yi a gidanta. Gida mai mutum biyar da ke cinye kilo cikin kwana huɗu, kowa ya sami giram 50 a yini, har da yaran da bai kamata su kai haka ba, kuma ba a sa na waje a lissafi ba.

Akwai lissafin aljihu ma. Wanda yake sayen sukarin dala ashirin kullum, a wata ya kashe jaka uku, a shekara fiye da jaka 36. Ba mu ce a daina saye ba. Amma a gidan da yaro yake yin mako bai ga ƙwai ko ƙuli-ƙuli a kununsa ba, ya kamata maigida da uwar gida su zauna su duba wannan kuɗi.

Zuma, mazarƙwaila, dabino da madarar gwangwani

Da yawa sukan ce sun bar farin sukari sun koma zuma ko mazarƙwaila, saboda haka sun tsira. Zuma abu ne mai kyau, ɗanɗanonta ya fi, cokali guda yakan sauƙaƙa tarin yaron da ya wuce shekara ɗaya. Duk da haka kusan kashi huɗu cikin biyar na zuma sukari ne, kuma hukumar da muka ambata ta sa ta cikin lissafin cokali 12 ɗin nan. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, ba a tace shi ya yi fari ba. Ɗan abin amfanin da ya rage a cikinta bai taka kara ya karya ba, a jini kuwa aikinta ɗaya da farin sukari. Mai ciwon sukari da ya cika kofinsa da zuma yana ganin magani yake sha, kansa yake cuta.

Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, kada a ba shi zuma ko kaɗan, ko a ranar haihuwa ko a ranar suna. Takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin babba yake iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, tana sa jikinsa ya saki har numfashi ya gagara.

Ɗan itace da aka ci shi ɗungum, kamar mangwaro, gwaiba, gwanda, kankana, lemun zaƙi, ba ya cikin wannan lissafi. Zaƙinsa yana tare da ɓawo da zare da ruwa da bitamin, yana shiga jini a hankali, yana kuma cika ciki. A ci, a ba yara. In aka matse shi aka zubar da tuƙar, aka ƙara sukari a kai, ya zama lemu kamar kowane lemu. Dabino yana tsakani. Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku nasa sukari ne, amma yana da zare. Ƙwaya biyu ko uku ya fi alewa nesa ba kusa ba, cika hannu ana ci ana hira kuma wani abu ne dabam.

Madarar gwangwani mai kauri, wadda mai shayi yake tsiyayawa a kofi, kusan rabinta sukari ne. Mutum yakan ce a sa masa madara, sannan ya ce a ƙara sukari, bai san ya sa sau biyu ba. Ba abincin jariri ba ce, ko da nonon uwa ya yi ƙaranci. In haka ta faru a zo asibiti a nemi shawara.

Haƙora da yara

Cutar da sukari yake jawowa kai tsaye, wadda babu gardama a kanta, ita ce ruɓewar haƙori. A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. In zaƙi ya shigo sai su ci, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin farin haƙori. Miyau yakan wanke tsamin ya gyara wurin, amma yana bukatar lokaci, rabin awa ko fiye. Shi ya sa yawan maimaitawa ya fi yawan abin illa. Yaron da ya cinye alewa biyar a zama ɗaya bayan abinci, haƙoransa sun sha tsami sau ɗaya. Wanda aka ba shi ɗaya yanzu, ɗaya anjima, har biyar, ya sha sau biyar. Mafi muni shi ne zaƙin dare, domin miyau yana raguwa in an yi barci. Masu ɗanko, irin su alewar madara, gullisuwa da kantun riɗi, sukan maƙale a ramin turmi su daɗe.

Ba tsutsa ce take cin haƙori ba, kuma turara hayaƙi ba ya fitar da komai. A wanke baki safe da dare da buroshi da man goge baki mai fuloraid. In babu, asuwaki da aka yi da kyau, ciki da waje, yana da amfani ƙwarai. Bayan wankin dare ruwa kaɗai za a sha. Kada a raina haƙoran yarinta don za su faɗi. Yaro mai ciwon haƙori ba ya ci, ba ya barci, ruɓar kuma takan taɓa sabon haƙorin da ke ƙarƙashi.

Ga iyaye mata. Daga haihuwa zuwa wata shida nono kaɗai, ba ruwan sukari, ba shayi, ba ruwa ma. Daga wata shida zuwa shekara biyu a ci gaba da nono, a ƙara kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa, ko garin wake, ko ƙwai, ko ɗan mai. In kina so ya yi daɗi, ki murƙushe ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali mai zaƙi ki sa. Lemun kwalba da garin lemu na ƙaramar leda ba na wannan shekaru ba ne. Cikin yaro ƙarami ne, in biskit da lemu suka cika shi kafin tuwo ya nuna, zai ture kwano. Muna ganin yaran da uwa take cewa ba ya cin komai sai shayi da burodi, in aka auna hannunsu sai a ga tamowa ta fara. Harshen yaro abin da aka saba masa shi yake nema.

Kakanni, wannan magana taku ce ku ma. Tsarabar kasuwa ba dole ta zama minti ba. Gyaɗa, aya, goruba, dafaffen ƙwai, duk tsaraba ce, jika kuma zai yi murna.

To, sukari ne yake kawo ciwon sukari?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mana, amsarta kuma tana da rassa. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da take fitar da sinadarin insulin. Aikinsa shi ne buɗe wa gulukos hanya ya bar jini ya shiga tsoka. In insulin ya ƙare, ko ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai gulukos ya taru a jini har ya zubo cikin fitsari. Wannan shi ne ciwon sukari.

Akwai irin da ya fi kama yara da matasa, inda gaɓar take daina aiki gaba ɗaya. Shan zaƙi ba shi ne sanadinsa ba, kada uwa ta zargi kanta, kada kuma dangi su zarge ta. Maganinsa allurar insulin ce kullum, muddin rai. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, irin waɗannan yara ba sa daɗewa. Yau suna girma, su yi aure, su haihu.

Iri na biyu shi ne na yawancin manya. Gado yana da hannu a ciki, haka shekaru, haka ƙiba, musamman ta tumbi, da yawan zama. A nan ne sukari yake shigowa. Yawan shan abin sha mai zaƙi kullum yana ƙara ƙiba, yana kuma ƙara haɗarin kamuwa. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon, ya bar noma ya koma zaman shago ko tuƙi, tumbi ya fara fita, ga shayi da lemu kullum, ya tara wa kansa itacen wuta. Amma ramammen manomi ma yana kamuwa, wanda bai cika shan zaƙi ba shi ma yana kamuwa. Ciwon ba na masu kuɗi kaɗai ba ne, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da shi a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Wanda ya riga ya kamu, lissafinsa dabam ne. Lemu, zoɓo mai sukari, shayi mai sukari da madarar gwangwani, ya bar su. Amma barin sukari kaɗai bai isa ba, tun da tuwo da shinkafa da burodi su ma gulukos suke komawa. Ya rage malmala, ya yawaita miyar ganye, zogale, kabeji, wake, ya ci sau uku a kan lokaci maimakon ya yini da yunwa ya cika ciki da dare. Gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari tas ba sun fi farar shinkafa da burodi. Ya riƙa tafiya a ƙasa, ya sha maganinsa ko da yana jin garau. In zai yi azumi, ya zo tun kafin lokacin a duba shi a gyara masa lokutan magani.

Maganganun da ake yi a gari

Ana cewa ɗaci yana wanke zaƙi, sai mutum ya sha lemunsa ya bi da ruwan dogon yaro ko sassaƙen maɗaci. Ɗaci a harshe yake tsayawa, sukarin da ya shiga jini ya riga ya shiga. Wasu jiƙe-jiƙen ma, in aka daɗe ana sha, suna lalata ƙoda da hanta, ƙodar mai ciwon sukari kuwa da ma a wahale take.

Ana cewa baƙin lemu mai malt, in aka haɗa da madara, yana ƙara jini. Shi ya sa masu zuwa dubiya suke tara kwalabe a gindin gadon marar lafiya da mai jego. Mun san ƙauna ce ta kawo su. Amma zaƙi ba ya ƙara jini. Abin da ke ƙara shi shi ne hanta, nama, kifi, wake, ganye, da ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a asibiti, tare da maganin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki in su ne suka shanye shi. Kuɗin kwalba biyu zai sayi ƙwai ko tsire. Shayi kuma in aka sha shi tare da abinci yana rage yadda jiki yake ɗaukar abin ƙara jinin, saboda haka mai ciki da mai ƙarancin jini su bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakani.

Tsutsar ciki ba daga alewa take zuwa ba. Ƙwanta yana cikin ƙasa da ƙazantar bayan gida, hannun da ba a wanke ba ne yake kai shi baki, ko da alewa ko babu.

Sai batun zaƙin mai ciki. Mata da yawa suna shan saiwoyi a watannin ƙarshe don su zubar da zaƙi, wai kada naƙuda ta yi tsawo. Ƴar'uwa, akwai ciwon sukari na lokacin ciki, gaskiya ne, yana sa jariri ya yi girma har haihuwa ta yi wuya. Amma gwajin jini ne yake nuna shi, yawanci tsakanin wata na shida da na bakwai, kuma saiwa ba ta maganinsa. Wasu saiwoyin suna kawo zawo ko su tayar da naƙuda da ƙarfin da zai wahalar da ke da jaririn. In kin taɓa haihuwar ɗan da ya wuce kilo 4, ko ciki ya taɓa mutuwa a watan haihuwa, ko akwai mai ciwon sukari a gidanku, ki faɗa wa ungozomar asibiti ranar awo.

Inda sukari yake ceton rai

Uwar gidan da ta ce sukari guba ce, nan ne za mu rabu da ita. In yaro yana zawo, ruwan gishiri da sukari shi ne maganin farko. Sukarin ne yake jan gishiri da ruwa su ratsa hanji su shiga jiki. Mafi kyau shi ne na leda da ake samu a asibiti, a zuba leda guda cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a haɗa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. In babu leda, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri cikin lita guda. Kada a ƙara don ya yi daɗi. Zaƙi in ya yi yawa yana jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, zawon ya ƙaru, shi ya sa lemun kwalba ba ya maye gurbin wannan haɗi.

Mai shan maganin ciwon sukari, musamman mai allura, sukarin jininsa yana iya faɗuwa in ya makara cin abinci ko ya yi aiki mai nauyi. Alamunsa su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, jiri, bugun zuciya, ko ya fara magana ba kan gado kamar mai maye. Nan take a ba shi ƙwaya 3 ta sukari, ko cokali 4 cikin ruwa, ko rabin ƙaramar kwalbar lemu. In bayan minti 15 bai dawo daidai ba, a sake. In ya dawo, ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefe, a shafa ɗan jiƙaƙƙen sukari ƙarƙashin harshensa, a kawo shi asibiti da gaggawa. Don haka muke cewa mai ciwon sukari ya riƙa yawo da ƙwaya uku a aljihu, mutanen gida da abokan gona su san dalili. Yaron da zazzaɓi mai tsanani ya hana shi ci har ya galabaita, shi ma sukarinsa yakan faɗi, ana iya yi masa haka a kan hanyar asibiti.

Abincin leda na gyaɗa da ake ba yara masu tamowa shi ma yana da sukari, tare da madara da mai da bitamin. An auna shi ne don yaron da jikinsa ya ƙare. Nasa ne shi kaɗai, ba a raba shi da yayye, ba a kai shi kasuwa.

Ranar biki da sauran ranaku

Ranar aure, ranar suna, Sallah, Kirsimeti, in an kawo alkaki da nakiya da cincin da fanke, mai lafiya ya ci rabonsa ya yi murna da jama'a. Mai ciwon sukari da jininsa ya daidaita ma yana iya ɗanɗana ɗan guntu bayan ya ci abinci, ya bar abin sha mai zaƙi. Ba mu ga amfanin dokar da take ware mutum daga danginsa ba, irinta ba ta daɗewa, ana karya ta a ɓoye. Masu shirya taro su taimaka. A ajiye ruwan sanyi a gaba, a yi zoɓo kashi biyu, ɗaya mai sukari kaɗan ɗaya babu, yadda baƙo zai zaɓa ba tare da ya bayyana ciwonsa a gaban mutane ba.

Sauran ranaku ne ake ragewa, kuma a hankali. Mai sa cokali 3 a koko ya koma 2 har mako biyu, sannan 1. Kwanakin farko zai ji lami. Bayan ƴan makonni harshe yakan saba, har in ya sha irin na da sai ya ji ya yi masa yawa. Citta, kanumfari, masoro, na'ana'a da tsamiya suna ba abin sha ɗanɗano ba da zaƙi ba. Fura da nono mai kyau ba ta bukatar komai. A fada, ku yi shawara da mai buta ya rage sukarin zagaye na biyu da na uku, ko a zuba wa mai so nasa kafin a sa. Ƙishirwa kuwa ruwa ne maganinta.

Yaushe za a zo gwaji?

In kana yawan jin ƙishirwa, kana tashi fitsari sau da yawa da dare, kana ramewa alhali kana ci, ko gani ya fara dushewa, ko ƙafa tana jin kamar ana tsira allura, ko miki ya ƙi warkewa, ko tururuwa tana taruwa inda ka yi fitsari, kada ka jira. Mace mai yawan ƙaiƙayin gaba da yake dawowa bayan magani ita ma ta zo. Yaron da yake ramewa da sauri, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, a kawo shi a ranar, nasa ba ya jira. Wanda ya wuce shekara 40, ko yake da hawan jini, ko ciwon yana cikin danginsa, ya gwada ko da ba ya jin komai.

Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, ba ya ɗaukar minti biyar. Ka zo da safe, ba ka ci komai ba tun daren jiya, aƙalla awa 8. Ruwa kaɗai za ka iya sha, ban da shayi, ban da koko. In na'ura ta nuna giram 1.26 a lita ko sama da haka (wasu na'urori 126 suke rubutawa, wasu 7), za a ce ka dawo wata rana a sake gwadawa kafin a tabbatar. In kana shan wani magani, na asibiti ne ko na gargajiya, ka taho da shi a hannu likita ya gani.